Takarda Biyu a Kwando Ɗaya

Kowace Laraba da yamma mata kan taru a falon tsohuwar ungozoma don yin addu'a. Tsarin ba shi da wuya. A kan tebur akwai kwando, akwai gwangwani mai murfi. Abin da mace take so a taya ta roƙo a fili, sai ta rubuta ta jefa a kwando, Ungozoma ta karanta kowa ya ji. Abin da yake tsakaninta da Ubangiji kuwa, a gwangwani ake sa shi. Ba mai buɗewa. A ɗora masa hannu a yi addu'a, in an tashi a ƙone takardun.

Ranar nan Tela ta zo a makare, da guntayen zare a jikin zanenta. Takarda biyu ta rubuto a shago. Ta farko kan idonta ne, da ya fara gaza ganin kafar allura. Ta biyu kan mijin ƙanwarta: an sallame shi daga aiki mako uku ke nan, amma kullum da safe sai ya sa kayan aiki ya fita, don kada mahaifiyarsa ta sani, ga ta da hawan jini. Cikin kuka ƙanwar ta gaya mata, ta kuma ce, "Yaya, daga ni sai ke." Tela ta rubuta komai, har da suna, tunda ba mai gani.

Tana gaisawa da mutane ta miƙa hannu ta jefa. Sai da ta zauna, aka gama waƙa, ta tuna da gwangwani. Ta buɗe tafin hannunta. Babu komai. Duka biyun sun faɗa kwando.

Ta ɗaga kai. Ga Iya, surukar ƙanwar tata, zaune a kujerar gaban tebur, Littafi Mai Tsarki a cinyarta.

Ungozoma ta gyara tabarau ta ɗauki ta farko. Wata tana roƙon sauƙin haihuwa ga 'yarta. Aka sunkuyar da kai, aka ce amin. Ta biyu, tafiya ce. Ta uku, Ungozoma ta karanta, "Idona ya fara gaza ganin kafar allura."

"Tsufa ne, Tela, karɓe shi hannu biyu!" in ji wata mai sayar da kwanuka da ake kira Rediyo. Aka yi dariya. Tela ba ta iya ko murmushi ba. Tare ta jefa takardun biyu, ta san ɗayar tana nan kusa.

Ta so ta yi addu'a, kalmomi suka ƙi zuwa. Abin da ya fito a zuciyarta kawai shi ne, "Ya Yesu, ka rufe idon Ungozoma." Nan take ta ji kunyar roƙon. Ba idon Ungozoma ne ya yi laifi ba.

Hannun tsohuwar ya sake shiga kwando. Tela ta miƙe tsaye.

"Mama, don Allah ki dakata."

Ungozoma ta ɗago kai ta dube ta.

"Akwai takardar da na jefa nan bisa kuskure. Ta gwangwani ce. Kuma maganar ba tawa ba ce, amana aka ba ni."

"To ciro abarki mana," in ji Ungozoma.

Tela ta leƙa. Takardu sun kai goma sha biyar, duk farare, duk naɗi iri ɗaya. Ba yadda za ta gane tata sai ta buɗe na mutane.

"Ai mu duka 'yan uwa ne a cikin Kristi," in ji Rediyo, tana matso da kujera. "In ba mu san ciwon ba, yaya za mu roƙi maganinsa?"

"Wanda za mu roƙa ya sani," in ji Ungozoma a hankali. "Ke ce dai ba ki sani ba, kuma ba za ki mutu ba."

Ta buɗe gwangwani, ta juye kwandon gaba ɗaya a ciki, ta mai da murfi ta danna.

"Mama! Ciwon gwiwata yana ciki fa!" in ji Rediyo.

"Gwiwarki kam duk unguwa ta haddace. Ku kawo hannuwanku."

Suka kewaye teburin. Tela ta ji wani hannu mai sanyi ya sauka a kan nata. Na Iya ne. Da aka ce kowa ya yi roƙonsa, sai Iya ta ce, "Uba, mai wannan takarda, ko ɗan wane ne, ka san shi. Kada ka bar shi ya ɗauki kayan nan shi kaɗai." Tela ta ce amin.

Da aka tashi ba ta koma shago ba. Ta wuce gidan ƙanwarta da sauri, don ta riga Iya isa. Ta sami ƙanwar tana kwashe shanya, ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

Ƙanwar ta tsaya da riga a hannu. "Har da sunansa kika rubuta?"

"Har da sunansa. Na ce addu'a zan yi, shi ya sa ban ga na ci amana ba. Ki gafarce ni."

Ƙanwar ta ninke rigar, ta sake warware ta.

"Ba zan ce ban ji zafi ba, Yaya. Ki ba ni kwana biyu." Ta dubi ƙofar gida. "Amma kada ki tafi tukuna. In ya dawo zan ce masa ya gaya wa Iya da bakinsa, yau ɗin nan. Ina so kina kusa, ko za a buƙaci mai riƙe ta."

Tela ta ɗauko kujera ta ajiye kusa da ƙofar ɗakin Iya, ta zauna.