Rabin Kuloci a Ƙofar Kawu Yamusa

Nazeer ya sayi motar tun bai iya tuƙa ta ba, kuma ban da matarsa babu wanda ya san haka. Lokacin nan ne da harka ta buɗe a Abuja, kowa da wayarsa a aljihu, matasan ma'aikata suna canza mota kamar yadda suke canza hula. A ma'aikatar da yake aiki, duk wanda aka ƙara wa girma sai ya sayo jif. Shi ya ce ba zai shiga sahu ba. Ya sa aka kawo masa wata ja daga Kwatano, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera har cikinta ya kusa shafar kwalta.

Sai da ya zauna a ciki ya leƙa ƙasa ya ga abin takawa uku. Shekara da shekaru yana tuƙi, amma duk motocinsa otomatik ne, ƙafarsa ta hagu ba ta taɓa yin aikin komai ba sai hutu. Ya ce wa direban da ya kawo ta ya shigar da ita gida kawai, wai bayansa na ciwo.

Enoch, bakaniken da yake duba masa motoci a Apo, ya zo ya zagaya ta, ya buɗe gaba ya rufe. Ya ce, "Oga, motar nan yana da kyau, amma ka lallaɓa kulocin. In ya ƙone babu shi a Abuja, ko Legas sai an yi oda." Nazeer ya gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin wannan.

Matarsa Ameera ce ta gano shi. Ta ga motar ta kwana biyu a rufe da tamfol, mai ita kuma yana fita da tsohuwar, yana kawo dalilai iri-iri: yau hadari, gobe ramukan hanya. Ita a Zariya ta tashi, a gidan kawunta Alhaji Yamusa, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, kuma shi da kansa ya koya mata tuƙi da tsohuwar Fijo mai giya a jikin sitiyari. Wata safiya ta ɗauki makullin, ta fito da jar motar da baya, ta juya ta a tsakar gida ta mayar, ko tari injin bai yi ba. Ta miƙa masa makullin ta ce, "Abban Ammar, in kana so in koya maka, ba wani abu ba ne."

Ya yarda, amma da sharaɗi: kada kowa ya ji. Musamman Kawu Yamusa. Tun lokacin neman aure maganar tsohon ta dawo kunnensa, cewa yaron ba shi da laifi, sai dai yana son a gan shi. Nazeer bai taɓa mantawa ba. Ya ɗauki shekaru yana durƙuso da rage murya a gaban mutumin don ya wanke wannan magana, kuma ya san in aka ji ya sayi motar da bai iya tayarwa ba, to ya gaskata ta da hannunsa. Ameera ta yi dariya ta ce ta yi alkawari.

Ranakun Asabar suke fita. Ita take jan motar su bar gari, su wuce Gwagwalada, sai sun kai hanyar Paikon Kore inda babu wani ɗan ma'aikatarsu da zai gifta, sannan su yi musayar kujera. Can mata masu ɗauke da doya a kafaɗa suka sha kallo. Motar ta yi tsalle ta mutu, ya tayar, ta sake zabura ta mutu. Ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya ce takalminsa ne yake da santsi.

Ameera ba ta da faɗa wajen koyarwa, amma magana ɗaya ta yi ta nanatawa. "Kuloci ba wurin ajiye ƙafa ba ne. Ko ka taka shi duka, ko ka sake shi duka. Tsakiyar nan wucewa ake yi, ba a zama." Ta nuna masa inda motar take fara rawa, ta ce a nan faranti yake gogar ɗan'uwansa, in aka daɗe sai ya ɗau zafi ya cinye.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ya iya. Har ya fara jin daɗin canza giya, yana satar kallonta ko za ta yaba. Hawa ne ya gagare shi. In ta sa ya tsaya a kan tudu ya ja burkin hannu, to wajen tashi sai ɗayan biyu: ko motar ta mutu, ko ta silale baya. Sai ya gano wata dabara da kansa. In bai tsaya gaba ɗaya ba, ya riƙe kuloci a rabi ya ɗan danna totur, motar takan tsaya cak a kan tudun, ba gaba ba baya. Ya ji kamar ya ƙirƙiro wani abu. Ameera ta ce, "Wannan ita ce hanyar da ta fi saurin kashe shi. Kada ka saba." Ya ce ya ji.

Da Babbar Sallah ta zo, ya ce da jar motar za su je gaida Kawu. Tsohon ya yi ritaya, yana zaune a Asokoro, a wani layi da ya miƙe sama kamar tsani. Ameera ta ce su ɗauki tsohuwar motar, ko kuma ita ta ja. Ya ce ina, a gan shi a kujerar mai zaman banza matarsa tana tuƙa shi zuwa gidan surukai? Ya riga ya tsara komai: maigadi yakan bar ƙofa a buɗe ranar Sallah, zai haura layin da giya ɗaya ba tare da tsayawa ba, ya shige har tsakar gida inda ƙasa take a shimfiɗe, ya fito ya durƙusa. An riga an kai ɗansu Ammar gidan tun da safe, don haka su biyu ne.

Bayan la'asar suka iso. Ƙofar a buɗe take kamar yadda ya zata. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne Kawu Yamusa ya rako baƙi. Ga shi tsaye a bakin ƙofar da babbar riga fara, tare da wasu dattawa abokan aikinsa na da, daidai inda hawan ya fi tsanani. Ba a ratsa dattawa da mota a wuce. Nazeer ya rage gudu, ƙafarsa ta hagu ta nemi wurin nan na rabi, motar ta tsaya tana gurnani. Sai ga wata baƙar jif ta wasu baƙin ta taho ta tsaya a bayansa, hancinta dab da shi.

Ameera ta yi ƙasa da murya. "Ja burkin hannu ka kashe. Fita ka gaishe su."

Ya san abin da ya kamata ke nan. Suruki ba ya gaida uban matarsa daga zaune a mota. Amma in ya kashe, dole ya sake tayar da ita a kan wannan tudun, a gaban Kawu da dattawa, da jif a bayansa tana jiran ya silalo. Ya ce a ransa gaisuwa ce, yanzu za a gama. Ya sauke gilashi ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari.

"Barka da Sallah, Kawu. Allah ya ƙara lafiya."

Kawu Yamusa ya dubi motar, ya dubi mai gaisuwar a can ƙasa. Ya matso a hankali. "A'a, Malam Naziru ne? An yi Sallah lafiya? Ya iyali? Ya aiki?"

Duk wanda ya san Kawu ya san ba ya gaisuwar tsaye-tsaye. Ya tambayi mahaifin Nazeer da ciwon ƙafarsa, ya tambayi mahaifiyarsa, ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi ko an samu ruwa a Katsina bana. Da ya gama sai ya juya ga dattawan ya ce wannan ne mijin Ameera, su ma kowa ya matso ya ɗauko tasa gaisuwar daga farko. Nazeer yana amsa "lafiya ƙalau" da "alhamdu lillahi", cinyarsa ta hagu tana karkarwa, gumi yana bin bayan shaddarsa. Motar ta fara neman silalewa, ya ƙara danna totur.

"Abban Ammar," Ameera ta ce, leɓenta ko motsi ba ya yi sosai, "yana ƙonewa."

Warin ya fara shigowa, mai kauri da ɗaci, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Ɗaya daga cikin dattawan ya toshe hanci da bakin rawaninsa ya tambaya ko maƙwabta ne suke babbakar kai. Wani siririn hayaƙi ya fito daga ƙarƙashin motar. Nazeer ya saki kulocin gaba ɗaya don ya shige ciki a wuce wurin, injin ya yi kururuwa, motar ba ta motsa gaba ba ko taku. Sai ta fara komawa baya. Ameera ce ta fizgi burkin hannu, hannunta a ƙasa inda ba mai gani, suka tsaya saura kaɗan su daki jif ɗin. Ta miƙa hannu ta kashe injin.

Nazeer ya fito daga motar. Ya durƙusa a kan kwalta, gaisuwar da ya kamata ya yi tun farko. Kunya ta rufe shi har ba ya iya ɗaga ido sama da takalman mutane.

Kawu ya ce, "Wannan ai kuloci ne. Sabuwar mota haka?"

Bai shirya amsar ba, fitowa kawai ta yi. "Wallahi Kawu, Ameera ce take koyon tuƙi da ita. Ta riga ta cinye shi tun a gida."

Dattawan suka yi dariya, wani ya ce ai mata da irin wannan mota sai haƙuri. Kawu Yamusa bai yi dariya ba. A lokacin Nazeer ya tuna wa yake yi wa wannan ƙaryar, ya tuna Fijo mai giya a sitiyari. Har da rantsuwa ya haɗa.

Ameera ta riga ta fito ta durƙusa a ɗaya gefen, mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Tsohon ya juya gare ta ya daɗe yana kallonta.

"Haka ne, Ameera?"

Nazeer ya so ta ƙaryata shi. Da gaske ya so hakan, don da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Haka ne, Kawu. A yi haƙuri."

Tun tana ƙarama ba ta taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ta sha faɗa wa Nazeer haka da alfahari. Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Bai sake duban Nazeer ba.

"To, an tare wa baƙi hanya," in ji shi. "Ke da kika ɓata, shiga ki riƙe sitiyari. Maigidanki ya tura."

Maigadi da direban jif ɗin suka zo taimako. Nazeer ya naɗe hannun rigarsa ta Sallah, ya dafa bayan motar, ƙarfen da zafi. Ameera ta zauna a kujerar direba, ta mayar da giya firi, ta jira sai da ta ji sun ɗauki nauyin motar sannan ta saki burkin hannu a hankali. Suka fara turawa sama, takalminsa yana zamewa, hularsa ta faɗi wani dattijo ya tsince masa.

Ta gilashin baya yana hango madubin tsakiya, a cikinsa kuma idanunta. Sun yi ja. Ya buɗe baki yana neman abin da zai ce mata ko da da ido ne. Ameera ta ɗaga hannu ta karkatar da madubin sama, ta ci gaba da kallon gabanta.