Lafiyayyen da Ake Nema

Radoje bai yarda akwai wani abu wai ciwon damuwa ba. A wurinsa cuta ita ce wadda ido ke gani, karaya ko zazzaɓi. Amma tun da aka binne ɗansu Nebojsa, matarsa Zorka ta daina girki, ta daina zuwa coci, sai zama a bakin gado tana kallon bango. Dole ta sa ya ɗauko ta daga ƙauyensu na Negotin, inda yake noman inabi, zuwa asibitin birni, bayan ya shaida wa maƙwabta wai idonta za a duba.

A asibitin ana wani bincike. Ana ɗora wa masu ciwon wata na'ura a ka tana ƙas-ƙas, sannan a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Zorka kuwa ta fara samun sauƙi, har ta koma yi masa tsiya kamar da.

Wata safiya Likita Dubravka, shugabar binciken, ta ce suna neman lafiyayyun tsofaffi don a gwada ƙwaƙwalwarsu da ta marasa lafiya.

"Ga ni," in ji Radoje, yana bugun ƙirji. "Ni ko mura tsorona take. Ku ɗauki nawa ku ga yadda kan mutum yake."

"Dutse ne, likita," in ji Zorka. "Ku yi hankali da injinku."

Sai dai ba a ɗaukar mutum lafiyayye don ya ce shi lafiyayye ne. Likitar ta shigar da shi ofis ta rufe ƙofa.

"Kawu Radoje, ya barci?"

"Barci na malalata ne, 'yata."

"Abinci fa?"

Ya ce yana ci. Ita kuwa idonta na kan sabbin hujojin da ya yi wa bel ɗinsa da ƙusa.

"Inabin bana ya yi kyau?"

"Ban tsinka ba. Tsuntsaye suka ci."

Ya faɗa kamar ba komai. Mutumin Negotin ya bar inabinsa ga tsuntsaye! Da kakansa zai ji, da ya taso daga kabari da sanda.

"Ka taɓa jin da ma ba ka raye?"

Radoje ya yi dariya. "Wane namiji ne ba ya ji? Kullum da safe in ina aski sai ya zo min. Sai in wanke fuska in fita."

Likitar ba ta taya shi dariyar ba. Ta ajiye alƙalami, ta ce ba za ta iya sa shi cikin lafiyayyu ba. Ciwon da ke damun Zorka shi ke damunsa, nasa ma ya fi ba ta tsoro, kuma tana so a fara yi masa magani yau.

Ya kama bakin tebur. Shi? Shi da ya ɗauki akwatin gawar ɗansa bai zubar da hawaye ko ɗigo ba?

Ya fito a fusace. Zorka na kan benci, jaka a cinya.

"Tashi mu tafi, tsohuwa. Yarinyar nan ta ce wai ni ma..."

"Na sani."

"Kin san me?"

"Ina bindigarka ta farauta?"

"Ƙaninki ya ara, ke kika faɗa min."

"Slavko ko kaza ba ya iya yankawa, me zai yi da bindiga? Ni na kai masa. Ranar da na leƙa rumbun giya na gan ka zaune kan ganga ka jingina bakinta a haɓarka."

Ya zauna kusa da ita. Shi duk zatonsa ba wanda ya gani. A lokacin ma ai ko cokali Zorka ba ta iya ɗagawa.

"Da ƙafa kika kai?"

"Na naɗe ta a bargo, na taka kan ƙanƙara." Ta riƙe hannun rigarsa gam. "Na binne ɗaya, Radoje. Koma ciki."