Lahadin da Muka Ɓoye wa Illi

Ƙarfe uku da minti ashirin na ranar Lahadi Khalidu ya kira ni daga Agadas, ina tsakiyar kafa hannun wata riga. Ko sallama bai yi ba.

"Baba Tela, lisans ɗin yara ba sa cikin akwati. Mun zazzage komai. Don Allah ka leƙa gidan Baba Illi."

Na bar rigar a bakin keke na fita, ko shago ban ja ba. Khalidu shi ne mai horar da Zaratan Akokan, ekip ɗin ƙwallon ƙafa na unguwarmu da ke buga rukuni na biyu na ƙasa. Lisans kuwa katin ɗan wasa ne mai hoto da hatimi, in babu shi ko kai ne gwanin duniya ba ka taka fili. Ƙarfe huɗu za a hura usur. Tsakaninmu da Agadas kilomita ɗari biyu da arba'in, a kan hanyar da kwaltarta ta mutu tun ƴaƴana na goye.

Illi maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da shida. Mutumin Gugaram ne, ni kuma daga Damagaram na zo da keken ɗinkina lokacin da garin nan ke da rai. Ya yi tuƙin babbar mota a cikin ramin kamfanin haƙar ma'adinai har ranar da aka rufe shi. Bai taɓa taɓa balo da ƙafarsa ba, ina za ka ga dogon mutum da rawani har hanci yana bin ƙwallo? Amma shi ne uban ekip ɗin. Shi ke kawo ruwa, shi ke dafa musu shayi a hanya, shi ke bi gida gida yana lallashin iyaye. Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa Dassin, sai ya ɗauki ƴaƴan mutane goma sha takwas ya ɗora wa kansa. Nakan tsokane shi in ce ya samu garken da ba ya ba da nono, ya ce ai ni ma ɗinkin da nake yi ba ya kai sallar baɗi.

Katunan nan kuwa a wuyansa suke kwana. Shekarun baya wani mai horarwa ya taɓa tsere da katunan yara uku, waɗanda suka fi kowa iyawa, ya kai su wata ekip. Tun daga ranar Illi ya zuba sauran a jakar fatar nan da mutanen Abzin ke ratayawa a ƙirji, bai ƙara yarda da hannun kowa ba. In an je wasa shi ke miƙa wa komiser, wato jami'in da ke duba takardu, in an tashi shi ke karɓa. Shekara goma sha tara yana haka, bai taɓa fashin tafiya ko ɗaya ba.

Kakar nan da nake faɗi, kakar wahala ce. Tun da aka rufe rami babu bas ɗin kamfani, sai abin da aka samu. Sau biyu aka ci mu forfe, wato an ba abokan wasa nasara don ba mu iso ba. Na farko mota ta karye a daji, na biyu motar ma ba a samu ba. Doka ta ce na uku shi ne ƙarshe, a soke ekip daga rukunin gaba ɗaya. Saura wasa ɗaya a rufe kaka, shi ne na Agadas. Ba ma sai mun ci ba. Mu dai mu tsaya a fili a hura usur, ko goma aka zura mana muna nan baɗi.

To, a lokacin ƙirjin Illi ya riga ya ci shi. Tari tun bara, ya rame har zoben hannunsa na zamewa, daga rumfa zuwa bayi sai ya huta sau biyu. Likita ya ce kada ya kuskura ya hau mota. Shi kuwa tun Talata ya sa Dassin ta wanke masa rawanin tafiya.

Ran Alhamis Dassin ta same ni ta kan katanga, idonta ja. Ta ce in ya hau hanyar nan gawarsa za a sauke, kuma ita ba ya jin maganarta, amma ni bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ta ce in gaya masa an ɗaga wasa da mako biyu. Wallahi ban yi musu ba, har daɗi na ji an ba ni aikin ceton rai. Na shiga na zauna gefen tabarmarsa na zuba masa ƙaryar, har da ƙarin gishiri, wai ana gyaran filin Agadas. Ya dube ni ya ce Alhamdu lillahi, kafin nan ya samu ƙarfi. Dassin ta ɓoye tarhonsa, wato wayarsa ta hannu, ta ce ya lalace. Aka hana yara leƙo shi. Ran Asabar da safe motar ta tashi daga bayan kasuwa maimakon ƙofar gidansa. Akwatin ƙarfen da ake zuba riguna da magani, wanda ke zaurensa, ni na ɗauko shi a saɓe na kai musu. Khalidu ya ɗauka na karɓo katunan na sa a ciki. Ni kuwa na san inda suke kwana sarai, amma hankalina duk yana kan kada ƙaryata ta tonu, ko sau ɗaya ban tuna da su ba.

Na same shi kwance a rumfa, fuskarsa a buɗe. A shekara ashirin da shida ban ga bakinsa ya fi sau uku ba, sai da ciwo ya sa rawani ya fara toshe masa numfashi. Dassin na yi masa fifita. Da ta ga yadda na shigo, maficin ya tsaya a hannunta.

Ban san ta inda zan fara ba, sai na faro ta ƙarshe. Na ce yara suna Agadas, wasa ƙarfe huɗu ne, kuma babu katuna.

Bai yi salati ba, bai zage ni ba. Ya ɗora hannu a ƙirji, a kan jakar. Sannan ya tambayi lokaci, na gaya masa.

"Nemo mota," ya ce. "Ni zan tuƙa."

"Yaya Illi, awa takwas ce."

"Na taɓa yi a biyar."

Ya dafa ƙasa zai tashi, tari ya mayar da shi. Sai Khalidu ya sake kira, ya ce a ɗauki hoton katunan a turo, ko komiser zai duba halin da ake ciki. Illi ya ciro jakar da kansa, ya kwance madaurin da haƙori don yatsunsa sun ƙi. Ya riƙa miƙo su ɗaya ɗaya yana faɗin sunan kowa, ni ina ɗauka. Hoto ya fito dishi dishi a sake. Na ce ya aje su a tabarma, ya ƙi, wai katin yaro ba ya taɓa ƙasa. Da muka gama goma sha takwas, rezo, wato layin tarho, ya ce bai san zancen ba. Ni da furfurata na hau turmin Dassin na haye katanga, na ɗaga tarho sama kamar mai kiran kaji. Huɗu saura biyar hotunan suka tafi.

Komiser ya duba, ya ce ya tausaya, amma katin da zai riƙe a hannunsa doka ta sani. Mutanen ɗaya ekip ɗin, Allah ya saka musu, sun ce su sun yarda a buga. Ya ce ba yardarsu ake nema ba, in ya bari shi za a tuhuma. Ya ba da minti goma sha biyar ɗin da ake bayarwa. Khalidu bai kashe tarho ba, na sauko na ajiye shi tsakanina da Illi. Muna jin hayaniyar fili, muna jin mai tsaron ragarmu Ismaghil yana roƙo da Hausa yana komawa Tamajak. Huɗu da kwata aka hura usur, dogo, sau uku.

Illi ya tattara katunan ya daidaita bakinsu ya mayar jaka. Ya ja bakin rawani ya rufe fuskarsa, duk da ya san numfashi zai yi masa wuya. Na gane da ni yake, na tashi na fita.

Ran Litinin da la'asar yaran suka dawo. Babu wanda ya ce mini uffan, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da sun tsaya ƙofar shago sun zage ni tas da na samu sauƙi. Suka wuce suka shiga wurin Illi, ina jin su ta katanga suna ba shi haƙuri, wai a sake farawa daga wasan unguwanni, shekara biyu an dawo. Su ma sun san ba haka ba ne. Garin da kullum ake kwance ƙofofi da kwanon rufi ana lodawa a mota, wa zai zauna jiran shekara biyu? Ekip ɗin nan ita kaɗai ta riƙe su. Da yawansu tuni ƴan'uwa ke kiransu wurin haƙar zinariya, suna cewa bari a gama kaka.

Kwana biyu ina zarya tsakanin shago da ƙofarsa ban iya shiga ba. Dassin ma ta daina leƙowa ta katanga. Ran Laraba da hantsi ta aiko a ce yana kirana. Na same shi an jingina shi da buhu, ƙafafunsa sun kumbura, rawanin nan yana nan a rufe. Na durƙusa na ce ya yafe mini, don Allah don Annabi, tsoron mutuwarsa ne ya sa ni.

Sai da ya tara numfashi kafin ya amsa, da Hausarsa da ba ta san mace ba, komai namiji ne a bakinsa.

"Tela, mutuwa yana zuwa ko a hanya ko a tabarma. Da hanya ya kashe ni, da kati ya isa."

Na yi kuka a gaban matarsa, ban ji kunya ba.

"Nawa na yafe," ya ce. "Dassin ma na yafe shi. Amma ba ni kuka cuta ba. Ka bi yara, ɗaya ɗaya, ka nemi nasu."

Na ce na ɗauki alkawari. Ya gyaɗa kai ya rufe ido, ban ƙara jin muryarsa ba. Ran Alhamis bayan azahar na ji kukan Dassin, irin wanda ba a tambayar dalilinsa. Yaran suka ɗauki makara, ba su bar wani babba ya sa kafaɗa ba har maƙabarta. Ni ina can baya cikin tsofaffi. An ce in nemi gafararsu a wurin tun da ga su a haɗe, na ce a'a, ɗaya ɗaya ya ce, kuma ba a bakin kabari ba. Gaskiyar magana tsoro ne ya hana ni, na ce sai an yi sadakar uku.

Kafin sadakar uku biyar sun bar gari. Kafin ta bakwai an ƙara shida. Wasu sun yi arewa wurin zinariya, wasu Aljeriya, biyu sun koma Maraɗi wurin iyayensu. Na samu huɗu a gida. Uku suka ce ba komai Baba, suna kallon ƙasa. Na huɗun ya ce shi bai san abin da zai yafe ba, ƙwallo ce kawai, ya shige ɗaki. Waɗanda suka tafi na karɓi lambobinsu, ina kira ba ta shiga, yawancinsu can inda suke babu rezo. Har yau ina da mutum goma sha huɗu a wuyana, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Ismaghil ne ya fi daɗewa, don uwarsa ta riƙe shi. Shi na fi jin nauyi, saboda muryarsa da na ji yana roƙo. Kullum ina cewa gobe. Wata safiya Khalidu ya biyo ta shago ya ce in ina son ganinsa in yi sauri, yana tasha.

Na isa an gama lodi. Babbar mota ce, jarkoki rataye ta ko'ina, mutane a sama sun zuro ƙafafu. Na hango shi can ƙarshe, ya naɗe kansa da rawani, ya rungume ƴar jakarsa. Direba ya riga ya tayar da inji. Na matsa har gindin taya na ɗaga kai. Ya gan ni, ya sauke rawanin daga bakinsa, ya sunkuyo yana jira.

Na buɗe baki, sai na ji ina ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce amin. Ya ɗan ƙara jira, sannan ya mayar da rawanin. Motar ta ja a hankali ta bi gefen tulin ƙasar da aka fitar daga rami, jarkokin na bugun juna. Na tsaya a wurin da hannuna a sama har mai shayin tasha ya zo ya ce in matsa, zai watsa ruwa.