Bulon da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi Kamawa

Tun da idon Malam Bawa ya mutu, direbobin tashar Dungas suka ɗauke ƙafa daga garejinsa. Gaisuwa kam suna yi, har da russunawa, amma mota sai su miƙe da ita tsallaken hanya wurin wani tsohon bakanike, Goni. Ɗiyarsa Hinda, wadda ta yi shekara uku tana koyon kanikanci a Damagaram, sai ta wuni tana korar awaki daga rumfa. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Mai filin ma ya faɗa musu ƙiri-ƙiri: in kaka ta yi babu mota a wurin, mai injin niƙa zai ba.

Ran kasuwa, gab da faɗuwar damina, sai ga Rabilu mai jigilar Magariya, salansar motarsa a ɗaure da waya tana ruri. Ba don Allah ya zo ba, wurin Goni ne ya cika. Karo na uku ke nan tsatsa na cinye bulon, wato ƙusoshi masu zare, da ke riƙe bututun salansar.

Hinda ta kwance wani ƙullin tsumma, ta fito da bulon huɗu farare tas, masu sheƙi kamar cokalin amarya.

"Inokis ne, ba ya tsatsa," in ji ta.

Goni, da ba a aike shi ba, ya tsallako. Yana da mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo rataye a ƙugu, da shi yake tsince duk abin da ya faɗa cikin rairayi, da shi kuma yake yanke wa kowane ƙarfe hukunci. Ya kara shi a jikin bulon ɗaya. Ko motsi bai yi ba.

"Ƴar nan, an cuce ki! Wannan ai ba ƙarfe ba ne, kayan ado ne. Je ki yi ƴan kunne da shi."

Tasha ta kwashe da dariya. Hinda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta daure.

"Baba Goni, ramu huɗu ne. Sa naka biyu, in sa nawa biyu. Damina ta raba mu."

Goni ya ɗaure nasa da ƙarfin tsiya, har yana nishi. Ita kuwa ta shafa wa nata wani man jan ƙarfe, ta riƙa murɗawa sannu-sannu da hannu, don ta san inokis in aka gaggauta shi a bushe sai ya cije, ba gaba ba baya. Ta sa Rabilu ya zagaya gari injin ya yi zafi, da ya huce ta ƙara ɗaurewa kaɗan. Wannan ma sai da aka yi mata dariya.

Damina ta yi kyau, motar Rabilu ta sha ruwan hanyar Dogo-Dogo ta ƙoshi. Rumfar Hinda kuwa shiru, sai facin tayar babur jifa-jifa. Ana cirar gyaɗa mai injin niƙa ya zo ya auna filin da taku, a gaban idonta.

Kwana biyu bayan haka faifan da ke toshe mahaɗar bututun salansar Rabilu ya ƙone, dole a kwance. Rabilu bai manta ba, ya tara jama'a. Goni ya fara shiga ƙarƙashin motar. Ya ja, ya buga, ya zuba baƙin mai, ya yi salati. Bulon farko ya karye ɓas. Na biyu sai da aka sa masa kurfi da guduma.

Hinda ta kwanta ƙarƙashin motar. Ta kafa sifana, ta yi bisimilla, ta ja sau ɗaya. Ya saki! Sauran da yatsu ta warware. Ta ɗora na farko a tafin mahaifinta. Malam Bawa ya bi zaren da farce, tun daga sama har ƙasa, bai sami inda ya ci ba.

"Kamar yau aka sa shi," ya ce.

Garin murna na biyun ya suɓuce daga hannun Hinda ya nutse cikin rairayi. Goni ya ciro mayen ƙarfensa yadda ya saba, ya share wurin sau uku, ya tsinto guntayen nasa masu tsatsa kawai. Sai ga Goni, dattijo guda, ya durƙusa, yana tankaɗe ƙasa da yatsu, tasha duk tana kallo. Da ya samo shi ya hure, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Malama Hinda, ina ake samun irinsa?"

Ba ta samu ta amsa ba, don direbobi uku sun riga sun tayar da mota suna rigimar wa zai fara shiga rumfar. Ta juya ta ce wa mahaifinta, "Baba, matsa da kujerarka, ka tare hanya."