Kwanon Shanshera Daga Gulma

Shekarar da rediyo ya cika da labarin yunwar Somaliya, jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba, Malama Laure ta koyar da darasin ƙarancin abinci a wata makarantar 'yan mata a Argungu. Ta karanta musu abin da littafi ya ce: fari ke kawo yunwa, maganinta kuwa masu hali su aika da hatsi. Ta rufe da umarni, kowace ɗaliba ta zo da kwanon shinkafa na gudummawa. Wadda ta zo hannu rabbana za a tsayar da ita gaban aji.

Ran Litinin 'yan mata suka jeru. Labbo mai gadi ya riƙe bakin buhu, kowacce na juye nata. Layi ya kusa zuwa kan Jannatu, 'yar garin Gulma, sai idon Malama ya faɗa cikin kwanonta.

Shanshera ce, shinkafa da ɓawonta, an cuɗe ta da toka.

Nan take Malama ta gane. A gidan manomi ta tashi, ta san ba a sa wa shinkafar ci toka. Wannan iri ne, wanda ake karewa daga ƙwari har lokacin shuka. Ta kuma san bana ambaliya ta cinye fadamar Gulma. Littafin bai ce ruwa ma na kawo yunwa ba, ita ma ba ta ce ba. Gidan da ya buɗe tukunyar iri ba shi da komai a rumbu, kuma in kwanon nan ya shiga buhu, ba a sake tsinto shi.

Ta matsa kusa, ta tambaye ta a hankali wa ya ba ta. Jannatu ta ce innarta ce, baba bai sani ba. Inna ta ce gara a bayar da a tsayar da ɗiyarta a gane ba su da shi.

Wadda ke gaban Jannatu ta juye nata. Labbo ya miƙo bakin buhu.

Malama ta san in ta mayar mata da kwanon da tausayi, kafin azahar makarantar duk ta fahimta. Sai ta ɗaure fuska, ta ɗaga murya.

"Ke, wa za shi surfa musu wanga a Somaliya? Turmi ke gare su? Ɗauke min shi."

Aka kwashe da dariya. Idon Jannatu ya kawo ruwa.

"Malama, Inna ta ce kar in koma da shi."

"Ki ce mata ni na hana. Ba a karɓar shanshera."

A ƙarshen layi akwai waɗansu 'yan mata, hannayensu ɓoye cikin mayafi, suna jiran hukunci. Malama ta dube su, ta ce Labbo ya ɗaure buhu, kowa ya shiga aji. Ba a tsayar da kowa ba.

Jannatu ta wuce Malama ba ko gaisuwa, ta rungume kwanon a ƙirji, tafin hannunta bisa bakinsa kada ƙwaya ta zube.