Angona Mai Digiri Biyu

Kofin shayi na ta rawa a hannun jikana har ya zube a kan zanen gadar da zai kai wa malaminsa.

"Inna, dubi hannunsa," in ji uwarsa, matar ɗana. "Don Allah ki bari ya ajiye digiri ɗaya."

"Ke kika haifa, ni na goya. Rufe min baki."

Shi tarihi yake so, uban ya ce sai injiniya. Ni na raba gardama: tunda jami'ar ta yarda a haɗa biyu, a haɗa. Ɗan maƙwabciya digiri ɗaya ya yi, uwarsa ta hana mu sakat a layin nan. Namu biyu zai yi.

*

Da safe yana wajen injuna, da yamma yana wajen mutanen da suka mutu tun tuni. Barci ne ya zame masa cikas. Mai kemis na bakin titi ya ce akwai wata 'yar ƙwaya fara, ita ɗalibai ke sha. Ni nake sayowa, in ba shi a ɗakina.

"Angona, buɗe baki."

"Tsohuwa, kashe ni za ki yi ki sake aure?"

Da haka yake tsokanata. Daga baya hannu kawai yake miƙowa, in na ba shi ɗaya ya ce ƙaro. Uwar ta tsinci kwalin a aljihunsa. A tsakar gida, gaban 'yan haya, ta ce min, "Jahilci ne zai kashe min ɗa." Na dai adana wannan magana.

*

Ranar jarrabawa abokansa suka kawo shi riƙe, ba takalmi, yana ta surutu shi kaɗai. A asibiti likita ya ce, "Wa ke ba shi wannan abu a gida?"

Ɗana ya juyo. Ni kuwa na dubi matarsa. Dubanta kawai na yi, na sunkuyar da kai. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe. Kafin yamma ta ja akwatinta.

Yanzu ni ke goge wa jikana baki, ni ke sa masa riga. Littattafan duka biyu na cikin kwali a ƙarƙashin gado. Jiya ya kama bakin zanena, ya daɗe yana kallona.

"Mama, kin dawo?"

Na ce, "Na'am."