In Ji Jakadiya

Malama Saudat na cikin jera kujerun baƙi sai idonta ya sauka kan bangon sabon ɗakin karatu. Ta ajiye kujerar da ke hannunta, ta matsa kusa da rubutun da ke jikinsa.

Ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata a Rano, kuma yau Hajiya Barakatu za ta buɗe ɗakin. Hajiya 'yar garin Kibiya ce. Ta rubuta littattafai, ta yi majalisa, ta yi jakadanci a ƙasashen waje kafin ta dawo gida ta huta, shi ya sa ake ce mata Jakadiya. Kowa ya san ba ta wasa da maganarta. An ce ta taɓa tsayar da taro don mai gabatarwa ya sauya mata kalma guda.

Zantukan Hajiya biyu Saudat ta ba Sadisu mai fenti ya rubuta. Ga shi ya ƙara na uku da jan fenti, har da sunan Hajiya a ƙasa: "Shirun mace ba ƙarshen magana ba ne, numfashi take ja."

"Sadisu! A wane littafin ka ga wannan?"

"Wuri ne ya rage, Malama. A bakin innata Kulu na ji, can ƙauyenmu Saji. Duk sanda take son rufe bakin Baba a gardama sai ta kawo magana ta ce, in ji Jakadiya."

"Maza ka goge!"

Kafin ya ɗauko buroshi mota ta shigo, ɗalibai suka ɗauki tafi.

Hajiya ta fito tana dogara sanda, ta gaisa da malamai, ta nufi bangon kai tsaye. Ta gyara tabarau, ta karanta na farko da na biyu tana gyaɗa kai. A na uku ta tsaya.

"Yaushe na faɗi wannan?"

Saudat ta rusuna, ta zayyana mata komai. Ta ba da haƙuri, ta ce yanzu za a shafe.

Hajiya ta dubi Sadisu. "Kai ɗan nan, kuma Baban naka yakan yi shiru?"

"Tsit, ranki ya daɗe."

Dariya ta ƙwace wa Hajiya har sai da ta dafa kafaɗar Saudat. "Na zauna da ministoci iri-iri, ban taɓa samun wanda ya yi min tsit ba."

Ta karɓi lasifika, ta juya ga 'yan matan, ta karanta jan rubutun da ƙarfi, dalla-dalla. Sannan ta waiwayi Sadisu.

"To, yanzu na faɗa. Ka gaida Kulu, ka ce ta ci gaba."